Lambun Kyanwa na Sarki Baibars da Haƙƙin Marayun 'Ya'yan Kyanwa



'Yan'uwana matasa, akwai wata tambaya da ba kasafai ake kai ta gaban malamai ba, domin ana ganin ta yi ƙanƙanta. Idan mutum ya tsinci 'ya'yan kyanwa waɗanda uwarsu ta mutu ko ta ɓace, idanunsu ma ba su buɗe ba, ga shi kuma a gidansa akwai manyan kyanwoyi, me ya hau kansa? Da na bi sawun wannan tambaya cikin tarihi, sai na tarar magabatanmu ba su raina ta ba. Ba su kuma tsaya ga tausayi ba, domin tausayi yakan zo da safe ya tafi da yamma. Sun mayar da abin haƙƙi, wanda yake da mai ɗaukar nauyinsa da lokacin bayar da shi.

Asalin maganar daga Madina take. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ruwaito cewa Kabsha 'yar Ka'abu ɗan Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada (RA) ruwan alwala, sai wata kyanwa ta zo za ta sha, shi kuwa ya karkata mata mazubin har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai-komo a gidajen mutane. Sai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka fitar game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ina so mai karatu ya lura da inda laifinta yake: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wato daga lokacin da ka rufe ƙofa a kan dabba, cikinta ya zama a wuyanka. Duk wanda ya ɗauko jinjirin kyanwa daga bakin kwata ya kai ɗakinsa ya shiga ƙarƙashin wannan hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi ma da 'yar kyanwa aka san shi. Tirmizi ya kawo cewa Abu Huraira (RA) yana kiwon tumakin danginsa, yana da wata 'yar kyanwa da yake ajiyewa a kan bishiya da dare, da rana kuma ya tafi da ita, daga nan alkunyar ta bi shi har ta danne sunansa na yanka. Amma labarin nan da ya bazu na wata kyanwa mai suna Mu'izza, wadda aka ce Annabi (SAW) ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta, babu shi a littattafan hadisi shida. Malaman tarihi sun ba da irinsa a kan Shaihu Ahmad Rifa'i na Iraƙi, wanda ya rasu a 1182. Bai kamata mu jingina wa Manzo abin da bai tabbata ba, ko da abin mai daɗin ji ne. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a Masar ya faru, zamanin Faɗimawa. Ibn Khallikan ya kawo shi a tarihin wani malamin nahawu, Ɗahiru ɗan Ahmad, wanda aka fi sani da Ibn Babshaz. Aikinsa a fadar sarki shi ne duba wasiƙun hukuma kafin su fita, ya gyara kuskuren Larabcinsu, ana biyansa albashi mai kauri. Wata rana yana cin abinci da abokansa a saman masallacin Amru ɗan As, sai wata kyanwa ta zo. Suka jefa mata loma, ta ɗauka ta tafi. Jim kaɗan ta dawo, suka sake jefa mata, ta sake tafiya da ita. Aka yi ta haka har suka fahimci cewa cikin kyanwa ɗaya ba zai ɗauki wannan abinci ba. Da suka bi ta, sai suka iske ta tana kai wa wata makauniyar kyanwa a wani kango, tana ajiyewa a gabanta. Ibn Babshaz ya ajiye aikin fada saboda abin da ya gani, ya tare a wani ɗaki a masallacin yana rubuce-rubucensa har ya rasu a shekara ta 469 bayan Hijira, wato 1077. Masu wa'azi sukan kawo wannan labari a babin tawakkali, kuma sun yi daidai. Ni kuwa abin da nake gani a cikinsa shi ne yawan zuwa da komowar kyanwar nan. Makauniyar ba ta rayu da loma ɗaya ba, ta rayu ne domin akwai mai dawowa.

Bayan kusan shekara 200, a birnin Alƙahira, wani babban malamin Shafi'iyya ya zauna ya jera haƙƙoƙin dabbobi kamar yadda ake jera haƙƙin maƙwabci. Shi ne Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Malamai, ya rasu a 1262. A littafinsa Ƙawa'idul Ahkam ya bayyana cewa wajibi ne mai dabba ya ci gaba da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a amfana da ita, kada ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ya kyautata makwancinta da wurin shan ruwanta. Ya kuma hana a haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai cutar da ita, ko da kuwa jinsinsu ɗaya ne. A riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo gare shi.

Sarkin da yake kan gado lokacin rasuwar wannan malami shi ne Zahir Baibars, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277. Bawa ne da aka sayo daga ƙasar Kifcaƙ, ya yi suna a yaƙin Ainu Jalut inda aka karya rundunar Mongol a 1260, ya kuma hau mulki bayan kashe Sarki Ƙuɗuz. Ba mutum ne mai sanyin hannu ba, kuma ba na son a ɗauka ina wanke shi. Duk da haka, shi ne mutanen Alƙahira suka riƙe a matsayin wanda ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa, a arewacin birnin, domin a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su daga abin da lambun ya samar. Ana kiran wurin Lambun Kyanwa.

Abin da ya sami wannan waƙafi mun same shi ne daga wani Bature ɗan Ingila, Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma buga littafinsa kan al'adun mutanen Masar a 1836. Babban magatakardan alƙalin birnin ne ya ba shi labarin. Masu kula da waƙafin sun sayar da lambun, da hujjar cewa ya lalace kuma gyaransa zai ci kuɗi da yawa. Wanda ya saya ya sayar wa wani, wani ma ya sayar, har abin da ya rage wa kyanwoyi ya koma kuɗin hayar ƙasa, ƙurshi 15 kacal a shekara. To, sai nauyin ya faɗa kan alƙali, tunda shi ne majiɓincin waƙafin da ya rasa mai tsaronsa. Kullum da la'asar ana kawo kayan ciki daga mahauta a zuba a babban filin da ke gaban kotu, a kira kyanwoyi su taru su ci, kuma kusan duk kuɗin daga aljihun alƙalin yake fita. Har ta kai duk wanda kyanwa ta yi masa yawa a gida sai ya kai ta filin ya saki.

Ku duba wannan al'amari da kyau. Fiye da shekara 550 ke nan bayan rasuwar Baibars. Daular Mamluk ta faɗi a 1517, Usmaniyawa sun zo, Faransawa sun shigo a 1798 sun fita, lambun kansa amintattu sun cinye shi, amma abincin la'asar bai yanke ba. A ganina laifin waɗancan amintattu bai bambanta da na matar hadisi ba sai ta fuskar yawa, domin su ma sun riƙe abincin wanda ba ya iya kai ƙara. Alƙalin kuwa, wanda kullum yake sauraren shari'ar gado da ta bashi, bai ga cewa ciyar da kyanwa ya rage masa girma ba. A Dimashƙa ma, Shaihu Musɗafa Siba'i, wanda ya rasu a 1964, ya ambaci wani gida na waƙafi da ɗaruruwan kyanwoyi suke ci suke kwana a cikinsa, da wata makiyaya da aka keɓe wa tsofaffin dawakai har su mutu.

Yanzu mu koma ga ɗan'uwan da ya tsinci marayun nan. Maganar Izzuddin ta hana haɗa dabba da 'yar'uwarta mai cutar da ita ta dace da abin da likitocin dabbobi suke faɗa a yau. Babbar kyanwa tana kishin wurinta, muzuru kuma yana iya yi wa jarirai lahani. Ta ɗaya ɓangaren, jariran da aka tsinto daga waje suna iya shigo da ƙuma, ko tsutsar ciki, ko makero, ko wata cuta mai kisa da za ta kama na gida. Don haka kowane ɓangare yana da haƙƙin a kare shi daga ɗayan. A ware wa baƙin ɗaki nasu na kimanin mako 2, da mazubin abincinsu daban, a wanke hannu bayan an taɓa su, a kuma kai su wurin likitan dabbobi idan da hali.

Jinjirin kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa a makonnin farko, saboda haka ɗumi yana gaba da abinci. Wanda jikinsa ya yi sanyi a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai. Madarar shanu tana sa su zawo, akwai madarar da aka yi musamman dominsu. Ana ba su duk bayan awa 2 zuwa 3, har cikin dare, suna kwance rub da ciki ba rigingine ba, don kada su shaƙe. Bayan kowace shayarwa a shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗan ɗumi, domin har zuwa wajen mako 3 ba sa iya fitsari ko bayan gida sai da lasar uwa. Daga mako na 4 ake fara gwada musu abinci mai laushi. Wanda ya san ba zai iya tashin daren nan ba, gara ya nemi wanda zai iya tun ranar farko, ko ya nemi gidan da kyanwarsu take shayarwa, domin sau da yawa takan karɓi ɗan wata.

Idan lokacin haɗa su da na gida ya yi, ba a yin sa rana ɗaya. Kyanwa da hanci take gane nata. A ɗauki tsumman da jariran suka kwanta a kai a ajiye kusa da inda manyan suke cin abinci, a kai wa jariran na manyan. Bayan 'yan kwanaki a buɗe ƙofa kaɗan su ga juna. Babbar za ta yi huci ta ja da baya, kada a doke ta a kan haka, gidanta ne tun kafin su zo. A fara ba ta nata abincin kafin na baƙi, a kuma bar mata wani wuri mai tudu da za ta hau idan ƙananan sun dame ta.