'Ya'yan 'Yan Mishan: Ina Ne Gida?

Sa'ad da 'yan mishan na SIM suka sauka a Zinder a 1924, wata tambaya tana biye da su: idan yaro ya tasa, a ina zai yi karatu? Amsar farko mai ɗaci ce. Akwai wani gida a Collingwood, ƙasar Kanada, wanda aka sa wa sunan Walter Gowans, ɗaya daga cikin majagaba ukun da suka iso Legas a 1893. Can ake barin yara, iyaye su komo bakin aiki. Sai an yi shekaru kafin a sake haɗuwa. Uwa ta bar ɗanta yana ƙarami, ta tarar muryarsa ta buɗe.

Daga baya tazarar ta ragu. An buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, Kent Academy kuma a Miango bayan 'yan shekaru. Yaron da aka haifa a Galmi ko Tsibiri, mai Hausa kamar jakin Kano, yakan tafi Filato, ya dawo hutu. A 1986 aka buɗe Sahel Academy a Yamai.

Duk da haka matashin bai huta ba. A Maradi ana ce masa Bature. Idan an kai shi Amurka, bai san ko irin wasan tsararsa ba. Mukan yaba wa iyayen da suka amsa kiran Ubangiji, ya kuwa cancanta. Amma yaron ba a tambaye shi ba. Waɗansunsu sun girma sun dawo asibitin Galmi da aiki, waɗansu kuwa sun daɗe ba su taka ƙofar majami'a ba.