Zane ko Lambobi: Labarin William Playfair

Yau za mu waiwayi shekara ta 1786, lokacin da wani injiniya ɗan ƙasar Sikotlan, William Playfair, ya wallafa littafi a Landan kan cinikin Ingila da ƙasashen ƙetare.

A wancan zamani, sai ɗan kasuwa ya bi dogon jerin lambobi ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane inda aka dosa. Shi kuwa Playfair layi biyu ya ja, ɗaya na kayan da ake fitarwa, ɗaya na waɗanda ake shigowa da su, ya shafa launi a tsakani. Kallo ɗaya za ku yi, ku ga ɓangaren da ya rinjaya cikin shekaru masu yawa.

To amma fa James Watt, wanda ya inganta injin tururi, kuma tsohon ubangidan Playfair, bai gamsu ba. Ya ba shi shawarar ya buga jerin lambobin tare da zanen, domin masu karatu za su tambayi inda ya samo alƙalumansa. Watt na da hujja kam, zane yakan ɓoye kuskure fiye da lamba, kuma mai zuba jarinsa ba ya son a ce masa ya yarda kawai.

Playfair ya bi shawarar a bugu na farko da na biyu. Da ya zo bugu na uku a 1801, sai ya cire jerin lambobin, ya bar zanen.