Fasahar 3D a na'urorin wasan bidiyo na hannu: Abin da tarihin Nintendo 3DS ya nuna

A ranar 26 ga Fabrairun 2011 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar wasan bidiyo ta hannu mai suna Nintendo 3DS. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne allonta na sama, wanda ke nuna hoto mai zurfi, wato 3D, ba tare da an sa tabarau na musamman irin na sinima ba.

Yadda fasahar ke aiki

Idanun ɗan Adam biyu ba sa kallon abu ta kusurwa ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa abin da kowannensu ya gani, ta tantance na kusa da na nesa. Allon 3DS na kwaikwayon haka ta hanyar wani siririn shinge mai tsaga-tsaga da ke aika hoto ɗaya zuwa idon dama, wani kuma zuwa na hagu. A gefen allon akwai maɓallin da ake ja domin ƙara zurfin, ko rage shi, ko kashe shi baki ɗaya.

Sai dai dole a riƙe na'urar daidai saitin fuska. Da zarar ta karkata, hoton zai rabu biyu, alhali akan yi amfani da na'urar hannu a cikin mota ko a kwance. Wasu sun koka da ciwon kai da gajiyar ido, kuma kamfanin da kansa ya ba da shawarar kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kunna 3D.

Hukuncin kasuwa

An fara sayar da 3DS a Amurka kan dala 249.99, amma cinikin ya yi sanyi. A watan Agustan 2011 aka karya farashin zuwa dala 169.99, shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, kuma ya zaftare rabin albashinsa. Kasuwa ba ta buɗe sosai ba sai da wannan ragi ya haɗu da fitowar wasannin Super Mario 3D Land da Mario Kart 7 a ƙarshen shekarar.

A 2013 Nintendo ya fito da 2DS, mai ɗaukar wasannin 3DS amma babu 3D, a farashi mai sauƙi. A 2014 ya gyara matsalar karkatar hoto da New Nintendo 3DS, wadda kyamararta ke bin motsin fuska. Duk da haka, na'urar Switch da ta fito a 2017 ba ta zo da irin wannan allo ba. Lokacin da aka daina ƙera 3DS a 2020, an sayar da sama da miliyan 75, kusan rabin miliyan 154 na Nintendo DS da ta gabace ta.

Ba wannan ne karon farko ba. A 1995 kamfanin ya gwada 3D da Virtual Boy, mai nuna hoto ja da baƙi kawai, wadda ko miliyan ɗaya ba a sayar ba.

Ƙirƙirar da ke ɗorewa

Wannan ba ya nufin duk sabon abu ado ne kawai. Allon taɓawa na DS, wadda ta fito a 2004, ya sauya yadda ake yin wasan kansa: ana rubutu, ana zane, ana shafa ɗan kwikwiyo a wasan Nintendogs. Hakan ya jawo manya da yaran da ba su taɓa riƙe irin wannan na'ura ba.

Shi kuwa 3D gani kawai ya sauya. Ya taimaka wajen auna nisan tsalle a Super Mario 3D Land, amma tun da ana iya kashe shi, masu tsara wasanni ba su iya jingina wasa kacokan a kansa ba. Ga mai niyyar saye, ingancin wasanni da farashi da daɗewar batir sun fi zurfin hoto muhimmanci.