Kwanan Zango Ba Ragwanci Ba Ne

Daga Yamai zuwa Filinge kilomita kamar 180 ne. Mota tana cinye su cikin 'yan awoyi, mai keke kuwa sai ya kwana a hanya, ya bi ta Baleyara da Bonkuku, cikin kwarin Dallol Boso. Tsakaninmu samari masu irin wannan doguwar tafiya akwai wata magana da nake yawan ji: wai wanda ya tsaya ya huta wuni guda rago ne. Ni dai ban yarda ba, kuma tarihi ne hujjata.

Mu fara da fatake. A ƙarni na 19 ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa, da jakai da takarkarai. Madugu ba ya kora mutane kullum. Idan an iso wuri mai ruwa da ciyawa sai ya ce a sauke, a kwana biyu ko uku. Dabbobi su yi kiwo, a ɗinke mangala, mai ƙaya a ƙafa ya cire, a sasanta da sarkin gari kan kuɗin wucewa. Wannan wurin shi ne zango. Ku duba ƙarfin kalmar: har yau a Kumasi da Akara unguwar baƙi sunanta zango. Wurin hutu ne ya zama gari.

Ƙasarmu ta Kurfai ma haka take. A cikin dallol ruwa yana kusa, rijiya ba ta da zurfi, ga inuwar gawo, don haka matafiyi ya san inda zai sauka. Kasuwannin mako su ne suka raba masa hanya gida-gida. Wanda ya iso Baleyara ranar Asabar ai ba ya wuce kasuwar Lahadi. Kakanninmu Kurfayawa da maƙwabtanmu Zabarmawa da suka riƙa zuwa ci-rani Kumasi bayan girbi, da ƙafa suka fara zuwa. Da ba su san zango ba, wallahi da ba su kai ba.

To, yaushe tsayawa ta zama laifi? A ganina zamanin Nasara ne. A aikin tilas na mulkin Faransa, mai ɗaukar kayan kwamanda ko mai fasa dutsen hanya ba shi ke cewa ya gaji ba. Gardi ne ke faɗin lokacin tashi da na sauka. Sai a watan Afrilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas. Ke nan ikon mutum ya ce "yau ba ni tafiya" abu ne da aka taɓa ƙwace wa iyayenmu. Me zai sa mu ƙwace wa kanmu?

Ko Turawan da suka mai da keke wasa sun san haka. Gasar kewaya Faransa ta farko, a 1903, zango shida ce, kuma tsakanin zango da zango ana hutawa. A yau yawanci zango 21 ake yi cikin mako uku, da ranakun hutu biyu. Waɗannan fa ƙwararru ne masu likita a bayansu, ba mu masu fura a gora ba. Dalilin a fili yake: naman jiki ba ya gyaruwa ana cikin aiki, sai an ci, an sha, an yi barci.

Maganar ba ta wasa kaɗai ba ce. Tun da aka hana hawan moto a sassa da yawa na jihar Tillaberi a farkon 2020 saboda rashin tsaro, mutane da dama suka koma kan keke, har da masu zuwa kasuwa mai nisa. Gajiyayye kuwa shi ne dare ke riska a daji, kuma kowa ya san hanyar dare ta yanzu.

Ni idan zan yi tafiyar da ta wuce kwana uku, tun a gida nake zaɓen garin da zan yi zango. Ranar nan in wanke kaya, in sa wa sarƙa mai, in kai taya wurin mai faci, in zauna da tsofaffi in tambayi labarin hanyar gaba, kamar yadda madugu ke yi.

'Yan uwa ɗalibai, hutun makaranta na tafe. Wanda zai hau keke zuwa gida ko zuwa ganin ƙasa, ya ƙidaya kwanan zango cikin kwanakin tafiya tun kafin ya ɗaura kaya. In abokan tafiya sun yi masa dariya, ya tambaye su da wace dabara kakanninsu suka kai Kumasi.