Ƙamshin ɗakin amarya a Arewa

Matan Dogon Dutse da Tibiri sun daɗe suna neman ƙamshi a jikin saiwa da itace tun kafin kwalaben man fure su cika kasuwa. Gajiji ake tonowa a fadamun Dallol Mawri, a shanya, a daka, a zuba a kasko bisa garwashi. Jema kuwa, saiwarta ake jefawa cikin randa. Goggona da ke Dumega ba ta taɓa sayen sabulu ba sai da tsufa ya hana ta tsugunno: tokar karan gero take tacewa, ta dafa ruwan da man gyaɗa har ya kama. Yana fitar da dauɗa tas, amma warinsa sai mai haƙuri.

Man fure baƙo ne. A 1920 wani kamfanin Ingila ya haɗa turaren Bint el Sudan, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Da yake babu giya a cikinsa, malamai ba su ƙyamace shi ba. 'Yan bori ma, da ba su raina turare, suka rungume shi. Humra kuwa daga wajen Barebari da Shuwa ta zo mana.

Yanzu 'yan mata na ɗiga man wardi da na yasmin cikin sabulun ruwa, wasu har da kyandir, abin da gidajen aci-balbal ba su sani ba. Sana'a ce mai kyau, kuma tana kawo kuɗi. Amma zanen da aka turara da gajiji ya fi riƙe ƙamshi.