Kafin Taya Ta Yi Kauri

A 1900, lokacin da labarin zinariya ya ja dubban mutane zuwa Nome da ke Alaska, Ed Jesson ya taho daga Dawson a kan keke, tafiyar kusan mil 1,000, yana bin hanyar da karnuka masu jan kaya suka daddaɓe a kan kogin Yukon da ya daskare. Keke ba ya neman abinci kamar kare. Amma inda dusar ƙanƙara ta yi laushi, siririyar taya nutsewa take yi.

Matsalar tana nan har 1987, da aka fara tseren Iditabike, inda sau da yawa turawa ake yi maimakon tuƙi. Wasu suka riƙa haɗa wili biyu gefe da gefe.

Mafita mai ɗorewa daga hamada ta zo. Ray Molina na jihar New Mexico ya ƙera wili da taya masu faɗi don hawa rairayi, Mark Gronewald ya kai su Alaska. Taya mai faɗi, idan aka rage mata iska, shimfiɗewa take yi ta rarraba nauyi, ko kan yashi ko kan dusa. A 2005 kamfanin Surly ya fitar da Pugsley kasuwa.