Taron ƙananan jiragen sama: yanayi da kiyaye hatsari

Taron ƙananan jiragen sama haɗuwa ce da masu sha'awar tuƙin jirgi suke yi a wani filin jirgi, inda kowa yake tuƙo nasa ya zo, a yi yini ɗaya ko 'yan kwanaki ana baje kolin jirage, ana sauraron lacca, ana kuma sada zumunci. Da Turanci ana kiransa fly-in. Galibin jiragen da suke zuwa masu inji ɗaya ne da farfela, suna ɗaukar mutum biyu zuwa shida. Da yake yawancin matuƙansu da ido suke gane hanya, yanayi ne yake yanke hukuncin ko za a tashi ko za a fasa. A ƙasar Hausa abubuwa uku ne suka fi barazana ga irin waɗannan jirage: hazon hunturu, zafin bazara da hadarin damina.

Tarihi

Taro mafi girma na irin wannan shi ne wanda ake yi a garin Oshkosh na jihar Wisconsin a Amurka, a ƙarshen watan Yuli. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ce take shirya shi. An fara shi a Milwaukee a wannan shekarar, ya koma Rockford a 1959, sannan ya zauna a Oshkosh tun 1970. A yanzu jirage kimanin 10,000 ne suke zuwa yankin a makon taron, mahalarta kuma sukan haura 600,000. Akwai wani babban taron mai suna Sun 'n Fun da ake yi a Lakeland ta jihar Florida.

Wannan al'ada ba ta yaɗu a Najeriya da Nijar ba, domin 'yan ƙalilan ne suke da ƙaramin jirgi na kansu. Duk da haka ƙananan jirage sun daɗe a ƙasar Hausa. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan a Masar. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, inda ɗalibai suke koyo da ƙananan jirage irin su Diamond DA40. Haka kuma an harhaɗa jiragen horo 60 masu suna Air Beetle a Kaduna domin rundunar sojan saman Najeriya. An gina su ne a kan samfurin RV-6A, ɗaya daga cikin jiragen da masu sha'awa suke harhaɗawa da hannunsu su kai Oshkosh.

Tuƙi da ido

Dokokin sufurin sama sun raba tuƙi gida biyu. Akwai tuƙi da ido, wato VFR, inda matuƙi yake dogara da ganin ƙasa da iyakar sararin sama. Akwai kuma tuƙi da na'ura, wato IFR, wanda yake buƙatar horo na musamman da ƙarin kayan aiki. Bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 yana buƙatar ya iya hango nisan kilomita 5, ya kuma nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe da mita 300 ta sama ko ta ƙasa. Akwai sassauci ga jirgin da yake tafiya kusa da ƙasa a wasu sassan sararin sama.

Dalilin wannan ƙa'ida yana cikin jikin ɗan Adam. Idan ido ya daina ganin iyakar sama da ƙasa, sashen kunne mai kula da daidaito yakan yaudari matuƙi, ya ji kamar jirgi yana tafiya sosai alhali ya karkata yana gangarowa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954, matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura sun rasa iko da jirgi cikin daƙiƙa 178 a matsakaici, wato ƙasa da minti uku.

Hunturu: hazo da ƙura

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iska takan kaɗo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada. Ɗaya daga cikin manyan mafarin wannan ƙura shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A ranakun da hazo ya yi kauri, nisan da ido yake gani a Sakkwato, Kano, Katsina ko Maraɗi yakan faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jiragen fasinja ma a soke tashinsu.

Hazo ya fi gajimare yaudara domin ba shi da baki ko iyaka. Matuƙi zai iya ganin ƙasa idan ya duba ƙarƙashinsa kai tsaye, amma idan ya dubi gaba babu komai sai fari fat. Abin yakan tsananta da hantsi da la'asar sakaliya ga wanda yake fuskantar rana. Irin wannan ruɗewa ce ta yi sanadin faɗuwar ƙaramin jirgin John F. Kennedy ƙarami a teku a daren 16 ga Yuli 1999, lokacin da hazo ya ɓoye masa iyakar sama da ruwa. A taro hatsarin yakan ninka, saboda jirage da yawa suna nufar fili ɗaya kuma kowane matuƙi da ido yake kauce wa ɗan'uwansa. Ƙura takan kuma toshe matatar iskar inji da bututun auna gudu, shi ya sa ake rufe su idan jirgi zai kwana a fili.

Bazara: zafi

Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi. Idan zafi ya ƙaru, inji yakan rage ƙarfi, farfela ta rage ja, fukafukai kuma su buƙaci ƙarin gudu kafin su ɗaga jirgi. Matuƙa suna da lissafi mai sauƙi: a matakin teku ana ɗaukar digiri 15 na Salsiyas a matsayin mizani, mizanin yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, kuma duk digiri ɗaya da zafi ya haura mizani tamkar an ɗaga filin ne da ƙafa 120.

Filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato yana kan tudun kusan ƙafa 1,000, don haka mizaninsa digiri 13 ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Idan ya kai 42, jirgi zai yi aiki kamar yana tashi daga fili mai tsayin ƙafa 4,500. Jirgin Cessna 172 mai kujeru huɗu, idan aka cika shi da mutane da mai a irin wannan rana, zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma hawansa zai yi sanyi. Maganin shi ne a tashi da sassafe, a rage kaya, a kuma duba jadawalin da ke littafin jirgin. Da tsakar rana ƙasa takan tura iska mai zafi sama, jirgi ya riƙa girgiza, guguwa mai juyawa kuma tana iya ratsa titin jirgi ba zato.

Damina: hadari

A yankin Sahel hadari yakan taso daga gabas ya nufi yamma, sau da yawa a jere kamar katanga, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Kafin ruwa ya sauka, iska mai ƙarfi da ƙura ce take fara isowa, musamman a farkon damina cikin Mayu da Yuni. A ƙarƙashin gajimaren kuma akwai iskar da take dukan ƙasa ta bazu ko'ina, wadda take iya juya alkiblarta cikin daƙiƙoƙi ta rage wa jirgi gudu yana kusa da ƙasa.

Tarihin sufurin sama a Najeriya ya nuna illar wannan iska ko ga manyan jirage. A ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi daga Kano ana hadari, ya rasa gudu, ya bugi bishiya. Mutum 32 daga cikin 45 suka rasu. A ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja cikin sauyin iska. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Ana shawartar matuƙa su nisanci babban hadari da aƙalla mil 20.

Jirgin da yake ajiye ma bai tsira ba. A ranar 31 ga Maris 2011 mahaukaciyar guguwa ta afka wa taron Sun 'n Fun, ta lalata jirage tsakanin 40 zuwa 50. A 2010 kuma ruwan sama ya jiƙa filin Oshkosh har aka rasa wurin ajiye jirage da dama a kan ciyawa.

Misalin yankin Gobir

Gabashin jihar Sakkwato, inda kufan Alkalawa tsohon birnin Gobir yake, ya nuna yadda ake haɗa waɗannan bayanai. Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ta sama kimanin kilomita 130 ne, zuwa Maraɗi kuma kimanin 85. Filayen jirgin waɗannan birane biyu su ne mafi kusa da matuƙi zai nemi rahoton yanayi. Tun da hadari daga gabas yake zuwa, labarin Maraɗi ya fi amfani da damina: hadarin da ya wuce can zai iya isa Sabon Birni cikin ƙasa da awa biyu.

Mai tuƙi da ido a yankin yakan bi alamomi irin su Gulbin Rima, madatsar ruwan Goronyo da hanyar mota da ta ratsa Isa, kuma duk hazo yana iya ɓoye su. Fadamar Rima shimfiɗaɗɗiya ce, amma da damina takan cika da ruwa da taɓo, ba ta dace da saukar gaggawa ba. Akwai kuma batun tsaro: a watan Maris 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin jihar Zamfara, wadda take iyaka da ƙaramar hukumar Isa. Ta fuskar yanayi, lokacin da ya fi sauƙi a wannan yanki shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya kankama.

Matsin ranar taro

Taro yana da ranar da aka tsayar tun da wuri, yanayi kuwa ba ya bin jadawali. Matuƙin da ya ɗauki hutu, ya sha mai, ya yi wa abokai alkawari, yakan ji nauyin fasawa. Ganin wasu sun tashi yakan sa ya bi sahu, ko da jirginsu da horonsu sun fi nasa. Haka abin yake a ranar watsewa, lokacin da kowa yake son isa gida kafin ranar aiki. Masu koyar da tuƙi suna ba da shawarar kowa ya rubuta iyakarsa tun kafin tafiya: nisan ganin da ba zai tashi a ƙasa da shi ba, da ƙarfin iskar gefe da zai iya sauka a cikinta. Alal misali, iskar gefen da aka gwada Cessna 172 da ita kimanin kilomita 28 ce a awa, kuma sabon matuƙi ya kamata ya tsaya ƙasa da haka.

Matakan kiyayewa

Kafin tashi matuƙi yakan karanta rahoton METAR, mai faɗin halin da fili yake ciki, da TAF, mai hasashen sa'o'i masu zuwa. A cikinsu HZ na nufin hazo, DU ƙura, TS kuma hadari mai tsawa. Lambar filin Sakkwato ita ce DNSO, ta Kano DNKN, ta Zariya DNZA, ta Maraɗi DRRM. Ana zaɓar filin da za a karkata idan hanya ta rufe, a kuma ɗauki rarar man aƙalla minti 30 da rana. Ana tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki a duba ko ruwa ya shiga. Ana kuma lissafin isa da sauran rana, domin a wannan yanki duhu ba ya jinkiri bayan magariba.

Masu shirya taro su ma suna da nasu aikin. A Oshkosh ana wallafa tsarin shigowa tun kafin taro: jirage su jeru ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin mil, matuƙi ya saurari rediyo ya amsa ta hanyar kaɗa fukafukai, sannan ya sauka a kan ɗigon launin da aka ba shi a titi. Ana ɗaure kowane jirgi da igiya da turaku a fukafukai biyu da wutsiya. Ana killace 'yan kallo nesa da farfela, a tanadi motar kashe gobara da ma'aikatan lafiya, da mafakar da jama'a za su shiga idan hadari ya taso. A filayen da ba su da shinge, sai an kori dabbobi daga titi, a kuma lura da ungulaye da shirwa.

Hukumomi

A Najeriya hukumar NCAA ce take ba da lasisi da izinin taro ko wasan jirage, NAMA tana kula da zirga-zirga a sararin sama, NiMet da aka kafa a 2003 tana ba da rahoton yanayi, NSIB kuma tana binciken hatsari. A Nijar hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ce take kula da zirga-zirgar jirage da yanayin sufurin sama, kuma tana da makarantar horar da ma'aikata mai suna EAMAC a Yamai. Duk da aikin waɗannan hukumomi, doka ta ɗora wa matuƙi alhakin ƙarshe na tashi, juyawa ko fasa tafiya.